Mu Shirya Tafiyar Kallon Tsuntsaye

'Yan'uwa manoma, ba kowane tsuntsu ne ɓarawon hatsi ba. Idan ba mu san su ba, sai mu kashe mai taimakonmu. Saboda haka muna ba ƙungiyoyinmu na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa shawara su shirya tafiya sau biyu.

Ta fari da damina ce, kuma ba ta bukatar mota. Mu zaga gonaki da sassafe tare da yaranmu. Shamuwa takan zo daga kudancin Afirka gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan gari, tana cin fara da tsutsa. Balbela ma ƙwari take ci. Janbaki kuwa shi ne abin tsoro. Yakan sauka garke guda lokacin da gero da dawa suka fara ido. Wanda ya ga inda suke kwana, ya gaya wa malamin gona tun da wuri.

Ta biyu sai bayan girbi. Tsuntsayen Turai ba su nan da damina. Sanyin ƙasarsu ne yake koro su, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamar Haɗejia da Nguru. Watan Disamba ko Janairu ya fi kyau. Mu haɗa kuɗin mota, mu bi ta Gumel da Haɗejia zuwa Baturiya. Mu ɗauki ruwa, guzuri da littafin rubutu. Danƙo kuwa a bar shi gida.