Kanar Yohanna Madaki: Soja, Gwamna, Lauya

A shekarar 2006 ne Kanar Yohanna Madaki, mutumin ƙasar Zangon Kataf, ya rasu. Muna so mu tuna wa masu karatu rayuwarsa, musamman tsofaffin ma'aikatan En'e da malamai, waɗanda sha'anin sarauta da shari'a ba baƙonsu ba ne.

Soja ne tun yana saurayi, da shi aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ga hafsa mai anini a kafaɗa, amma ya koma ya zauna a aji ya karanci shari'a a jami'a. 

A 1985 Janar Babangida ya naɗa shi Gwamnan Jihar Gongola, wadda aka raba a 1991 ta zama Adamawa da Taraba. Can ya yi abin da ya girgiza Arewa: a 1986 ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur. Sarki ya kai ƙara. Magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 1989 ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraren rigimar sarauta, sai dai kotun jiha. Kafin nan an mai da Madaki Jihar Binuwai, bai daɗe ba ya bar soja, ya kama aikin lauya a Kaduna.

To, ga inda al'amarin ya juya. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, gwamnatin soja ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Okadigbo, ta kuma toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Madaki na cikin lauyoyin da suka tsaya wa Janar Zamani Lekwot da mutanensa. Wanda jiya ya sauke sarki da ikon soja, ga shi yau yana neman ikon nan ya bi ƙa'ida. A ganinmu a tsayuwar nan ya fi gaskiya, ko da yake waɗanda suka rasa 'yan'uwa a rikicin ba lalle su yarda da mu ba.

A 1993 aka yanke wa Lekwot hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗaurin shekara 5.