Ciwon barci: cutar da ba a tambayarta a likita

Ɗan kasuwa ya je likita yana kukan ciwon kai da kasala. Aka auna tansiyo, aka duba jini ko akwai zazzaɓin sauro, aka rubuta mishi ordonansi. Tambaya guda ce ba a yi ba: yaya kake barci? Da an tambayi uwargidansa, da ta ce munsharinsa yakan yanke, numfashinsa ya tsaya, sannan ya zabura.

Wannan cuta ce sananna. Maƙogwaro ke toshewa cikin barci, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, sau da dama a dare guda. Ta fi kama masu ƙiba, kuma tana da hannu a hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Mai ita yakan wuni yana gyangyaɗi: ma'aikaci a kan teburin biro, direban kamiyo a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

Me ya sa lokotoron da ke duba kowa da kowa ba ya kula da ita? Tushen abin yana makaranta. A shekarar 1993 wani bincike a makarantun likitanci na Amurka ya nuna darasin barci bai kai awa 2 ba. A nan gida kuwa ga layin marasa lafiya har bakin ƙofa, ga kuma al'adarmu ta ɗaukar munshari abin dariya, rashin barci kuma tunanin bashi.

Shi ya sa mai rashin barci yakan fito da ƙwayar Valium, ko ya saye ta wurin masu tallar magani. Ƙwayar tana kama jiki, kuma ga mai toshewar numfashi tana iya ƙara tsananta cutar. Alhali magani na nan: rage ƙiba, barin shayi mai ƙarfi da dare, tsayar da lokacin kwanciya, da na'urar hura iska ta hanci wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981.

Babban mutum na bukatar barcin awa 7 ko fiye. Idan naka ya gagara, kada ka jira a tambaye ka: faɗa wa lokotoro da bakinka, kuma ka je da wanda ke jin barcinka.