Lissafin Daidaito da Ƙiyasin Kayan Aiki a Ƙaramar Sana'a



Wataƙila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya yana batun lissafi. Dalilina shi ne, abin da masana lissafi ke rubutawa da alamomi, jumla ce kamar sauran jumloli, sai dai ita abu guda take faɗi, wato abin da ke hannun dama daidai yake da abin da ke hannun hagu. Saboda haka a cikin wannan lacca zan kira ta jumlar daidaito. Idan kuwa adadin da ake nema ba a ninka shi da kansa ba, to, jumlar miƙaƙƙiya ce, domin in aka zana ta a takarda miƙaƙƙen layi take bayarwa.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga harkar kasuwa. Kimanin shekara 2,000 da suka wuce, mutanen Sin sun rubuta hanyar warware irin waɗannan jumloli, kuma da dammunan hatsi masu daraja daban-daban suka kafa misali. Wajen shekarar 820 kuma, Alkawarizmi ya wallafa littafinsa a Bagadaza, wanda daga sunansa ne aka sami kalmar aljabara, kuma kashi mai yawa na littafin a kan ciniki da wasiyya da rabon gado yake.

Bari mu ɗauki misalin mai gidan burodi. A ce yana gasa iri biyu. Babban burodi yana cin fulawa giram 500 da sukari giram 50, ƙarami kuwa, da yake ya fi zaƙi, yana cin fulawa giram 200 da sukari giram 40. A ɗakin ajiyarsa akwai buhu biyu na fulawa mai kilo hamsin-hamsin, wato giram 100,000, da sukari kilo 12, wato giram 12,000. Tambaya ita ce, guda nawa zai gasa na kowane iri har kayan su ƙare tare? In ya yi da ka, sukari na iya ƙarewa ya bar shi da fulawa, jarinsa ya kwanta, ƙwari kuma su sami abinci.

Mu sa harafin B a madadin yawan manya, Ƙ kuma a madadin ƙanana. Sai mu sami jumla biyu:

Fulawa: 500B + 200Ƙ = 100,000
Sukari: 50B + 40Ƙ = 12,000

Dabarar ita ce a kawar da harafi ɗaya. In muka ninka jumlar sukari sau 10, za ta koma 500B + 400Ƙ = 120,000. Mu ɗebe jumlar fulawa daga cikinta, sai B ya ɓace, a bar mu da 200Ƙ = 20,000. Ƙanana 100 ke nan. Su waɗannan za su ci fulawa giram 20,000, saura 80,000, wadda in aka raba ta giram ɗari biyar-biyar za ta ba da manya 160. Mai shakka ya gwada da sukari: 8,000 na manya da 4,000 na ƙanana, jimla 12,000 cif.

Haka kuma jumlolin suna aiki ta baya. Idan wata makaranta ta ba shi kwangilar manya 200 da ƙanana 150, kafin ya taka ƙafa zuwa kasuwa ya san yana bukatar fulawa kilo 130 da sukari kilo 16. Buhu uku zai saya, kilo 20 su yi ragowa.

Sai dai akwai hattara guda uku. Na farko, lissafi ba ya gyara awo. Wanda ke awo da mudu, yau a tsoke gobe a shafe, amsarsa za ta karkace, saboda haka sikeli ya zama wajibi. Na biyu, in amsa ta fito ƙasa da sifiri, ba lissafin ne ya ɓaci ba, yana sanar da mai sana'a ne cewa kayan ba za su ƙare tare ba, sai ya ƙaro ɗayansu. Na uku, takarda ba ta san fulawar da ta zube ko burodin da ya ƙone ba, don haka mai hankali yakan ɗora ɗan rara a kan abin da ya samu.

Abin da ya dace da mai burodi ya dace da tela mai yadi da maɓalli, ya kuma dace da ma'aikacin da ke tsara abincin makarantar kwana. Roƙona ga ɗalibai shi ne, kowa ya sami mai sana'a ɗaya a unguwarsu, ya zauna da shi su rubuta jumlolinsa biyu da Hausa.