Ɗan kamasho da littafin tsoffin rigingimu

Duk wanda ya taɓa neman motar Damagaram daga Droum ranar kasuwa ya san mutumin nan da ke tsaye tsakanin fasinja da direba. Ba shi da mota, kayan da ake lodawa ma ba nasa ba ne, amma babu buhun hatsin da zai hau sai ya nuna inda za a aza shi. Ya san motar da ke kan layi da wadda ke bi mata. Ya san wadda ta kwana a gareji, ko da direbanta ya rantse da Allah lafiyarta ƙalau. In Hajiya ta zo da buhun wake uku, ta ce za ta koma cikin kasuwa ta ɗauko na huɗu, shi zai riƙe a ransa cewa kayanta na cikin farar motar can, don haka ita da sauran kayanta can za su shiga ko da layi ya wuce. Ɗan kamasho ke nan.

Intanet ma tana da nata. Yaron da ke ci-rani a Kano ko Agadas zai turo wa mahaifiyarsa kuɗi ta waya ana jajibirin Sallah, daidai lokacin da kowa ke turawa. Kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan cunkoso, shi ya sa ake jera su da yawa a baya, a tsayar da wata manhaja a bakin ƙofa tana karɓar kowace buƙata tana nuna mata inda za ta nufa. Ita ce mai raba lodi, kuma ita ce ƴar tsakani, don mai waya da ita yake magana, bai taɓa ganin na bayan ba. Cikin waɗanda suka yi suna akwai HAProxy, wadda wani Bafaranshe, Willy Tarreau, ya fara rubutawa a 2000, da nginx ta Igor Sysoev ɗan Rasha da ta fito a 2004, da Varnish wadda Poul-Henning Kamp ɗan Danmak ya gina a 2006 don jaridar Verdens Gang ta ƙasar Norwe.

Dokokinsu ba baƙi ba ne ga ɗan tasha. Akwai bi da bi, kowace kwamfuta da layinta. Akwai tura sabon zuwa wurin wadda ta fi ƙarancin lodi. Akwai duba lafiya: in an kunna shi ba tare da an sauya komai ba, HAProxy na ƙwanƙwasa ƙofar kowace kwamfuta bayan daƙiƙa 2, wadda ta yi shiru sau 3 a jere sai a cire ta daga layi, ba kuma za ta dawo ba sai ta amsa sau 2 a jere. Sannan akwai dokar Hajiya, wato wanda ya fara ciniki da wata kwamfuta a ci gaba da mayar da shi wurinta har ya gama.

Ɓarna ta fi shigowa ranar da aka kawo gyara. A ce shugabannin tasha sun zauna sun yanke cewa daga yau kowane buhu sai an yanka masa tikiti, kuma ya hau motar da ke kan layi a lokacin da aka yanka. Doka ce mai kyau, ta kashe rigimar kuɗin kaya. Kowa ya zuba mata ido, an ga tana aiki, an yi hamdala. Sai Hajiya ta dawo da buhunta na huɗu, layi ya wuce, buhun ya hau wata mota, ita tana wata. Ta sauka Damagaram da uku, na huɗun yana hanya ko ya tsaya canjin taya. Babu wanda ya soke tsohuwar dokar, sabuwar ce ta taka ta ba da niyya ba. Masu manhaja na kiran wannan koma-baya: abin da ke aiki jiya ya daina yau saboda an taɓa wani wuri daban. Sabon abu ba ya rasa masu gwada shi, tsohon ne maraya.

To yaya dattijon tasha mai hankali zai yi? Da yamma, bayan motoci sun watse, sai ya tara yara. “Kai ne direban da motarsa ta mutu. Ke ce Hajiya mai buhu huɗu. Kai kuma ka zo da akuya ka ce ba za ka biya mata ba.” Ya tsayar da kamasho a tsakiya, a sake buga kowace rigima da aka taɓa yi, ɗaya bayan ɗaya, a ga ko har yanzu yana warware ta yadda aka saba. Gwajin koma-baya bai wuce wannan wasan ba, sai dai kwamfuta ce ke yin sa, kuma ba ta gajiya.

Masu Varnish sun ƙera wa kansu abin yin wannan wasa, suka sa masa suna varnishtest. Kowane gwaji ɗan gajeren rubutu ne. A ciki ana ƙirƙiro kwamfutar baya ta ƙarya a ce mata: jira buƙata, ki tabbatar ta zo da kaza, ki amsa da kaza. Ana ƙirƙiro mai buƙata na ƙarya a ce masa: aika wannan, ka sa ran amsa mai lamba 200, lambar da ke nufin komai daidai. Manhajar gaskiya ce kaɗai a tsakiya. In abin da ya fito ya saɓa ko da harafi ɗaya, gwajin ya faɗi, kuma wanda ya taɓa manhajar zai sani kafin gyaransa ya kai ga jama'a. A 2018 masu HAProxy suka ari wannan kayan aiki, daga baya aka ware shi ya tsaya da ƙafarsa da sunan VTest. Abin da ya fi burge ni wata al'ada ce ta masu Varnish: gwajin da aka rubuta saboda wani kuskure yana ɗauke da harafin r da lambar ƙorafin da ya haife shi. Ka buɗe jakar gwaje-gwajensu, tarihin rigingimunsu ne ka buɗe, kowace da lambarta. A tasha wannan ilimi yana cikin kan dattijo ɗaya, ranar da ya kwanta dama sai a sake yin rigimar da aka kashe tun zamanin iyaye.

Rigimar da ta fi haɗari ita ce ta ƙirga. Kamasho ya duba ɗauri ya ce kaya ɗaya ne, ya wuce da shi; karen mota ya kwance ya ga biyu, ya loda duka. Na biyun ya shiga ba tare da an duba shi ba, kuma mutanen da ke zirga-zirga ta Matamaye da Magarya ba sa buƙatar a yi musu bayanin fasa-ƙwauri. Haka ake yi wa ƴar tsakani: a rubuta saƙo ta yadda ita za ta ga ya ƙare a nan, kwamfutar baya ta ga ya ƙare a can, abin da ke tsakani ya zama buƙata ta biyu da ta tsallake shinge. Masu binciken kamfanin Watchfire sun bayyana dabarar tun 2005, wani mai bincike James Kettle ya sake tono ta a 2019. A Satumban 2021 masu binciken kamfanin JFrog suka nuna irinta a HAProxy: gurbin da aka ware don rubuta tsawon sunan wani sashe na saƙo ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255, in aka zarce sai lissafin ya zube ya rikita abin da ke kusa. Kuskuren yana cikin sabon tsarin sarrafa saƙonni da ya zama na yau da kullum a fitowa ta 2.0 a 2019. An toshe shi da sauri, amma ya ɗan daɗe a kwance, alhali gwaje-gwaje na gudana.

A nan ne iyakar wasan take. Yaran dattijo ba sa buga sai rigimar da wani ya taɓa gani ko ya hango. Ranar 8 ga Yuni 2021 shafukan Guardian da New York Times da na gwamnatin Birtaniya suka ɗauke lokaci guda. Kamfanin Fastly, wanda ke tsakaninsu da masu karatu, ya yi bayani da kansa: gyaran da ya shigar ranar 12 ga Mayu ya zo da kuskure a ɓoye, sai wani abokin ciniki ya sauya tsarinsa ta halastacciyar hanya, kashi 85 cikin ɗari na hanyoyin kamfanin suka fara mayar da saƙon matsala. Cikin minti 49 aka dawo da kashi 95. Fasinja ne da babu yaron da aka taɓa sa wa rigarsa.

Wani ciwon kuma na cikin gida ne. Akwai gwajin da ke faɗuwa yau ya tashi gobe ba tare da an taɓa komai ba, don kawai kwamfutar ta ɗan yi nauyi. Mutane sai su saba da ganin ja, alamar gwajin da ya faɗi, su daina firgita, ranar da jan ya zama na gaske a wuce shi. Masu HAProxy na yi wa gwaje-gwajensu lakabi, wannan mai jinkiri ne, wancan karyayye ne, a ware su daga na kullum. Na fi son wannan gaskiyar a kan tarin gwaje-gwajen da babu mai yarda da su.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar André Salifou a Damagaram, in wata rana aka ba su tsaron irin wannan ƙofa, suna da fasinjan da marubutan Turai ba su cika haɗuwa da shi ba: mai waya a wani ƙauye na Droum wanda layinsa ke ja da ciki, ya aika rabin saƙo ya ɓace, ya dawo ya sake latsawa. Tun daga fitowa ta 2.0 ana iya umartar HAProxy ta sake aika buƙata zuwa wata kwamfuta in ta farko ba ta amsa ba. Ga mai karanta labari wannan alheri ne. Ga mai tura jika goma kuwa, ta farkon na iya kasancewa ta riga ta cire kuɗin, amsa ce kawai ta makara, ta biyun ta sake cirewa. VTest na iya kwaikwayon duka biyun, mai buƙatar da ke jinkiri da kwamfutar da ta karɓa ta yi gum. Gwajin da zan so su fara rubutawa ke nan: kwamfutar farko ta karɓi saƙon kuɗi ta ƙi amsawa, ta biyu kuma a tabbatar ko harafi ɗaya bai iso gare ta ba.