INA RUWAN TABKI YAKE TAFIYA?

A ƙarshen damina tabki cike yake. Shanu suna sha, mata suna ɗiba, yara suna wanka. Kafin bazara sai laka ta tsage. Makiyayi ya ce dabbobi ne suka shanye. Manomi ya ce ƙasa ce ta tsotse. Duka biyu gaskiya ne, amma akwai ɓarawo na uku da ido ba ya gani: rana da iska.

Ruwa yana da kama uku. In sanyi ya kai digiri 0, ya daskare ya zama ƙanƙara, irin wadda take faɗowa wani lokaci da hadari har ta yayyage ganyen hatsi. Ƙanƙara tana da tauri, tana riƙe da siffarta. In ta narke, ta koma ruwan da kowa ya sani, wanda ba shi da siffa tasa: a zuba shi a ƙwarya ya bi ƙwarya, a zuba shi a gora ya bi gora. In ya sha zafi kuwa, ya zama tururi ya shige cikin iska. A kan wuta ruwa yana tafasa a digiri 100. Amma ba sai ya tafasa yake tashi ba. Zanen da aka shanya yana bushewa babu wuta. Haka tabki yake tashi sama kaɗan-kaɗan, dare da rana.

Tururi bai ɓace ba. Mai dafa tuwo in ta ɗaga murfin tukunya, za ta ga ɗigon ruwa a jikinsa. Tururi ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Haka girgije yake haɗuwa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Ruwan sama na Maraɗi wajen milimita 500 ne a shekara. Rana da iska kuwa suna iya ɗauke wajen mita 2 daga ruwan da yake a fili. Wato ninki huɗu.

Sai dai tururi ba ya tafiya da kaya. Gishiri da kanwa da dauɗa duk a ƙasa yake barin su. Mutanen Bilma da wannan suke ci. Suna barin ruwan gishiri a ramuka, rana ta ɗauke ruwan, gishiri ya rage, su yi kantu, Buzaye su ɗauko a kan raƙuma ta Tenere. A Dallol Foga kuma tace ƙasar ake yi, a dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe. Abin da yake riba ga mai gishiri, ga mai garka masifa ne. Tun bayan farin 1984 noman rani ya yaɗu a Nijar, kuma ba kowace rijiya ce mai daɗin ruwa ba. In ruwan yana da kanwa, kowane ban ruwa yana barin kaɗan a fangali. Wata rana sai a ga ƙasa ta yi fari-fari, albasa ta ƙi girma. Wanda yake ba da ruwa da tsakar rana, rana yake shayarwa. Gara da sassafe ko da maraice, a kuma rufe gindin shuka da ciyawa ko kara.

Tururi in zai tashi, da zafi yake tafiya. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi: randa tana tsattsafo, tsattsafon ya bushe, cikin ya huce. Salkar makiyayi ma haka take.

Wani malami a Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya samu lambar yabo a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da maraice, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai suna ƙara kwanaki a ciki. A ajiye ta a inuwa inda iska take kaɗawa. Da damina, da yake iska ta riga ta ƙoshi da laima, tukunyar ba ta sanyi sosai.