Littafin "Sarraounia": masu yabo, masu suka, da tambayar da ta rage wa ƙasar Damagaram

A cikin littattafan da ƴan Nijar suka rubuta da faransanci, babu wanda sunansa ya zaga kamar "Sarraounia" na marigayi Abdullahi Mamani, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a birnin Paris cikin shekara ta 1980. Tun fitowarsa masana ke jayayya a kansa. Ya kamata masu karatunmu na Magarya da Dungas su san tushen wannan jayayya, domin marubucin ɗan gida ne, kuma rundunar da ya ba da labarinta a ƙasar Damagaram ta ya da zango.

An haifi Abdullahi Mamani a Gudumariya a 1932. Ya yi siyasa a Damagaram cikin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Da aka haramta jam'iyyar a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira, har ya zauna a Aljeriya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, sai ga shi kuma a kurkuku zamanin Saini Kunce. Ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota, yana kan hanyar Yamai don karɓar kyautar Bubu Hama. Ke nan mutumin da ya san zalunci a jikinsa ne ya riƙe alƙalamin.

Abin da ya faru a 1899

Littafin ya bi sawun rundunar kaftin Vule da kaftin Shanwan, wadda Faransa ta turo don ta isa tabkin Cadi. Duk inda ta bi sai ƙone garuruwa, da kashe mutane, da kwasar bayi da dabbobi. Mutanen Birnin Ƙonni ba su manta da watan Mayu na wannan shekara ba. Ranar 16 ga Afirilu rundunar ta faɗa wa Lugu, garin Azna a ƙasar Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Daga baya gwamnatin Faransa ta aiko kanar Kulob ya tsai da ɓarnar, Vule ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin kwana uku kuma sojojin baƙar fata suka kashe kaftin ɗin nan biyu a wajen Mai Jirgi.

Masu yabo

Abin da ya fi burge masu yabo shi ne yadda Mamani ya juya labarin. Kafin shi, Turawa ne ke ba da wannan tarihi: Joalan, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ambaci Sarauniya a taƙaice a matsayin tsohuwar matsafiya, Jak-Faransis Rolan kuwa, a littafinsa na 1976, haukan hafsoshin ya sa a gaba. Mamani ya mai da baƙar mace, ba'azna, ta zama ita ce cibiyar labari, ya kuma nuna ƙyamar da hafsoshin ke yi wa baƙar fata, har da sojojin da ke yi masu yaƙi. Labarin yana tafiya da sauri, cike da leƙen asiri, da shawarwarin fada, da cin amana, ta yadda mai karatu ba ya son ajiye shi.

Da Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi silima a 1986, sai sunan ya ƙetare iyaka. An shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, abin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso ta Toma Sankara, inda Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. A Faransa kuwa bai daɗe a gidajen silima ba, har manyan masu shirya fim suka yi kukan an danne shi.

Masu suka

Suka ta farko daga wajen masana tarihi ta fito. Takardun Faransa sun nuna soja 4 aka kashe wa rundunar a Lugu, aka raunata 6, aka ƙone garin, jama'a suka watse cikin daji, runduna ta ci gaba da tafiya. A ganinsu littafin ya kambama wannan karo, har ya sa mai karatu ya ɗauka tsoron Sarauniya ne ya wargaza rundunar. Haka kuma a al'adar Lugu "Sarauniya" sarauta ce ta addinin gargajiya wadda mata ke gada, alhali Mamani ya mai da ita jarumar fagen fama mai kwari da baka. Antoinette Tijani Alu ta jami'ar Yamai a 2009, da Elara Bertho a 2019, sun bi diddigin yadda jarumar littafi ta rufe wadda tsofaffin Lugu suka sani.

Suka ta biyu ta shafi yadda aka siffanta sarakuna da malaman musulunci, waɗanda labarin ya nuna suna ƙin Sarauniya don ba ta salla, wasu ma suna mara wa nasara baya. A nan mutanen Damagaram suna da abin faɗa. Sarki Amadu Kuran Daga musulmi ne, a garinsa aka kashe kaftin Kazamaju a 1898, shi ne kuma ya tari ragowar rundunar a Tirmini ƙarshen Yuli 1899, aka kashe shi cikin Satumba. Sarkin Musulmi Attahiru ma a hannun Ingilishi ya faɗi a Burmi a 1903.

Suka ta uku ita ce ta harshe. Littafin da faransanci yake, fim ɗin kuma da julanci da fillanci da faransanci ya yi magana. Ɗan kasuwar Magarya da bai shiga lakkol ba sai dai ya ji labari a bakin wani.

Ina gaskiya take?

Littafin hikaya ba takardar kotu ba ne, kuma marubuci na da ikon ƙara gishiri. Illar tana zuwa ne in hikaya ta zama ita kaɗai ce shaidar da yara suka sani. Yau akwai makarantu da gidan rediyo masu sunan Sarauniya, a 2023 kuma hukumomin ƙasa suka ƙirƙiro lambar girma da sunanta. Wannan duka albarkacin littafi guda ne.

To mu fa? Dungas tana cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, Magarya kuma zumuncinta da sarautar Daura sananne ne. Tsakanin 1906 da 1908 aka dasa alamun iyakar da ta raba dangi gida biyu, wasu na Faransa, wasu na Ingila. An sha aikin tilas har zuwa 1946, an yi ƙaura zuwa ƙasar Kano don gudun haraji. André Salifu ya rubuta wasan kwaikwayo kan makircin Damagaram na 1906, Mahaman Bakabe ya mai da shi silima a 1982, amma labarin kudancin jahar yana nan a bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Malaman lakkol da ma'aikatan da ke zaune a waɗannan gundumomi suna iya ɗaukar maganar dattawa su rubuta ta da hausa. Ƴan kasuwa kuma suna da halin biyan kuɗin ɗab'i. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wanda ya ga Mamani ya bar wani abu a baya, ga alƙalami ga takarda.