Fankar kwamfuta mai fitilu: ado ce ko maganin zafi?

Da zarar bazara ta kama a Potiskum, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai kwamfutoci su fara ciwo. Ta shagon buga takardu ta yi nauyi, ta gidan wasan bidiyo ta ɗauke ana tsakar wasa. A nan ne ake ba mutum shawarar ya sayo fankar nan mai fitilu kala-kala da ake kira RGB, irin wadda ake kawowa daga Kano da Legas. Maganganu sun yi yawa a kanta, wasu gaskiya, wasu shaci-faɗi.

Mafi ban dariya shi ne cewa shuɗin haske na sanyaya furosesa, ja kuma na ƙara masa zafi. Babu ƙamshin gaskiya a ciki. Fitilun ado ne kawai, iskar da fukafukai ke turawa ita ke aiki. Masu cewa fitilun na ƙara zafi ko suna shanye batirin inbata su ma sun zuzuta: 'yan wat kaɗan suke ci, alhali furosesan kwamfutar tebur kan ci wat 65 ko fiye idan aiki ya yi aiki.

Inda ake tafka asara shi ne zancen cewa fankar jikin akwati ta isa, ko da babu ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke zaune a kan furosesa. Wannan ƙarya ce mai tsada. Furosesa ɗan ƙarami ne, ko tafin hannu bai cika ba, zafinsa kuma a wuri ɗaya yake taruwa. Ƙarfen, na alminiyam ko jan ƙarfe, shi ke zuƙe zafin ya baza shi, sannan fanka ta kwashe. Idan babu shi, cikin daƙiƙoƙi zafin zai kai iyaka, wadda ke wajen digiri 100 a yawancin na Intel, 95 a sababbin Ryzen na AMD. Daga nan furosesa ya rage wa kansa gudu, in abin ya ƙi ya kashe na'urar. Nauyin da ake ɗora wa "bairos" sau da yawa wannan ne.

To, ana iya ɗaura fankar akwati mai fitilu a jikin ƙarfen? Ana iyawa, wannan gaskiya ne, muddin girman ya dace. Yawancinsu milimita 120 ne. Sai dai wasu an ƙera su ne don kaɗa iska a sarari, ba su da ƙarfin cusa ta tsakanin matsattsun haƙarƙari, don haka sanyin kan ragu. Kuma a soka wayar fankar a gurbin da aka rubuta CPU_FAN a madabod. Masu araha da ke shan wuta kai tsaye daga akwatin wuta ba sa sanar da gudunsu, sai kwamfuta ta yi ta ƙorafin babu fanka duk lokacin da aka kunna ta. A kula da wayar fitilun ma: akwai mai ƙafa 3 ta bolt 5, akwai mai ƙafa 4 ta bolt 12. Aka soka ta 5 a gurbin 12, fitilun sun ƙone ke nan.

Yawan fankoki ma ba shi ne sanyi ba. Na gaba su shigo da iska, na baya da na sama su fitar. In duk suka fuskanci juna, zafin zai yi ta zagaye a ciki. Kuma fanka ba ta sanyaya abu ƙasa da zafin ɗakin da take. Shagon kwano mai digiri 42, iskar 42 za ta hura, ko guda goma aka jera.

A ganina babban abokin gabar kwamfuta a garin nan ƙura ce. Hazon hunturu kan toshe haƙarƙarin ƙarfen kamar auduga, sai bazara ta zo ta tarar da shi a shaƙe. Kafin ka kashe kuɗi kan fitilu, sa mai gyara ya hure ƙurar, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya shafa sabo, sannan ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga jikin bango.